Farin Biron Aisami

A shekarun da Nasara ya zauna daram a Gure, har mutane suka gaji da tambayar ranar tafiyarsa, gwamnatin garin kaf ɗinta a cikin wani tsohon soro take da rumfuna biyu. Da damina soron ya yi yoyo, da rani gara ta karɓi aiki. Wata shekara gara ta cinye takardun harajin mutanen Gamu ba ta bar ko suna ɗaya ba, har aka ce akwai tsofaffi a can da suka hana a taka ta. Kumandan na cikin soro, tafinta na bakin ƙofa, alƙali na rumfa guda, gardawan bariki, wato masu gadi, na ɗayar. Ɗan kaso kuwa, in Allah ya kawo, a gindin aduwa ake ɗaure shi, inuwa ta juya a juya da shi.

Ran nan wani ɓangaren rufi ya ɓallo ya faɗa kan taburin da kumandan ke rubutu, ya watsa masa tawada har gashin baki. Kafin azahar an tara gari. Shu'aibu tafinta ya tsaya ya juya maganar: kumandan na son sabon biro, gidan aikin gwamnati ke nan, da ɗakinsa, da na takardu, da na shari'a, da na gardawa, da gidan kaso mai ƙofa. Kuma yana son shi fari tas kamar na Damagaram. Sarkin magina ya rasu tun bara ba a naɗa wani ba. Maginan gari duk suka sunkuya suna nazarin yatsun ƙafarsu, don sun san aikin Nasara: in ya yi kyau nasa ne, in ya ɓaci naka ne.

Sai Aisami ya ratso taro yana cewa a ba shi hanya.

Aisamin nan ɗan gari ne, kowa ya san gidansu, irin mutumin da ko gyara aka ba ka shi a kasuwa sai ka ce a sake maka wani. Rani ɗaya ya yi a Damagaram yana kora wa magina jakan ruwa, ya dawo da labarin cewa shi ya gina barikin can, Nasaran wurin miƙo masa tubali kawai suke yi. Ya dawo kuma da guntun metir, ma'aunin Nasara na katako, wanda ya karye aka yar, ya huda shi ya rataya a wuya kamar laya. Tun daga nan ba ya wuce bangon mutum bai ƙwanƙwasa ba, ya kara kunne, ya girgiza kai, ya wuce. Shi kuwa ɗakin da yake kwana na kara ne, kuma yayarsa Yakura mai kanwa ce ta sa aka yi masa.

Ya durƙusa ya ce a gaya wa kumandan biro ƙaramin abu ne, irinsa yake ginawa kafin ya karya kumallo. Kumandan ya dubi metir, ya dubi sauran maginan da ba su da ko guntu, ya yi magana gajeriya. Shu'aibu ya ce kumandan zai tafi rangadi arewa wata uku. In ya dawo ya tarar da farin biro a tsaye, rawanin sarkin magina na Aisami ne. In bai tarar ba, akwai hanyar mota da ake sara zuwa gabas, ana neman masu ɗaukar dutse, kuma waɗanda suka tafi bara ba su dawo ba tukuna. Aisami ya ce a fara neman rawani mai tsawo, don kansa babba ne.

Kumandan ya bar masa takarda guda, an zana ɗakunan a kai da layuka da ƙananan lambobi. Aisami ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya leƙa bayanta. Shu'aibu ya ce ya kawo ya duba masa, Aisami ya ce ilimin gini ba da ido ake ɗaukarsa ba. Ya sa aka kawo ƙwarya da ruwa, ya wanke takardar tas kamar yadda ake wanke allo. Rabi ya shanye don tsarin Nasara ya zauna masa a ciki, rabi ya ajiye a zuba a kwaɓin farko don ya zauna wa ginin. Kwana biyu leɓensa shuɗi, yana zaga kasuwa yana nuna wa mutane.

Da aka zo rabon fili tsarin bai taso daga cikin ba tukuna, sai ya ce ga yadda manya ke yi a Damagaram: kowane ma'aikaci ya zo ya zauna a ƙasa yadda yake zama wurin aiki, a zagaye shi da toka, ɗakinsa ke nan. Washegari Shu'aibu ya zo da riguna uku a jiki, ya zauna ya baza su kamar mai shanya, ya miƙe ƙafafu, ya ajiye takalmansa can nesa ya ce su ma ma'aikata ne. Abatcha, babban gardi, da ya ga haka sai ya kwanta rub da ciki ya miƙa bindiga gaba iyakar hannunsa, ya ce haka yake aiki in an kawo hari. Tun da aka ba shi bindigar ba a taɓa kawo hari ba, amma aka zagaye shi. Alƙali bai zo ba, ya aiko da mata biyu da suka shekara huɗu suna rigimar rijiyar garka, ya ce a tsayar da su inda hannun ɗaya da muciya ba zai kai ga ɗaya ba, shi zai zauna a tsakiya. Aka yi ta ja da su baya suna zagin juna, har ɗakin shari'a ya cinye rabin hanyar kasuwa.

Gidan kaso kuwa, Aisami ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a kwanto ɗan kaso a tambaye shi. Mutum ɗaya ne a gindin aduwa lokacin, Ɗan Kasuwa, wanda aka kama da akuyar da ya ce ita ta biyo shi. Ya yi godiya da aka tuna da shi. Ya ce shi ba mai son wahalar da gwamnati ba ne, taga ɗaya ta ishe shi, ta dubi gabas saboda salla, ta yi ƙasa-ƙasa saboda ciwon bayansa, faɗinta kuma kamar kafaɗun mutum saboda iska.

Sai da aka gama aka tuna da kumandan. Ba ya nan balle ya zauna, fili kuma ya ƙare, saura wani ɗan lungu tsakanin rigar Shu'aibu da bakin bindigar Abatcha. Aka ɗauko tsohuwar hular kwanonsa aka kifa a nan, aka zagaye ta. Shu'aibu ya ce wannan ai rumbu ne. Aisami ya ce babban mutum ba ya bukatar fili, kwarjini ke cika masa ɗaki. Da aka ga tabur ba zai shiga ta ƙofar ba, ya sa aka dasa shi tun a lokacin, a gina ɗakin a kansa.

Saura fari. Farar ƙasar da ake shafa wa gidajen Nasara daga nesa ake kawo ta a raƙuma, kuma ba wanda ya aika a kawo. Aisami ya hau tudu da hantsi yana neman dabara, ya hango kwarin da ke bayan gari, can bayan dabinai da garake, inda ruwa ya janye ya bar ƙasa fara fat tana ƙyalli. Ya sauko da gudu. Ya ce Nasara wahalar banza suke yi, su gina da baƙa su shafa fara. Shi da fara zai gina tun daga tushe, fari ciki fari waje, ko an shekara ɗari ana kankara ba a kai ga baƙi ba.

Yakura na zaune a rumfarta ta ga jakuna na wucewa da mangaloli. Ta tsayar da ɗaya, ta dangwala yatsa ta ɗanɗana, ta rufe kayanta da faifai ta bi su. Shekara talatin tana sayar da kanwa ba ta taɓa barin rumfa da rana tsaka ba, saboda haka rabin kasuwa ya biyo ta.

Ta ce, "Aisami, me kake kwaɓawa?"

"Gwamnati, Yaya."

"Kanwa kake kwaɓawa. Abin da nake auna wa makiyaya da ɗan ludayi, kai za ka tsayar musu da shi bango guda a bakin hanyar rijiya."

Ya ɗaga murya don masu kallo su ji, ya ce kanwar kasuwa daban, kanwar gwamnati daban, kuma dabba ta san bambanci. A Damagaram da idonsa ya ga sa ya zo wucewa gaban tuta ya sunkuyar da kai.

"Ciyawa ya gani," in ji Yakura. "Uwarmu ta haifi shida, Allah ya ɗauki huɗu, ya bar mini kai don kada in yi girman kai."

Ta koma rumfarta.

Gini ya tashi. Azara ta yi ƙaranci, Aisami ya sa aka rushe tsohon soro da rumfunan aka kwashe tasu, ya ce wanda ya yi sabuwar riga ba ya ajiye tsumma. Gaskiya kuwa ginin ya yi kyau, ko maƙiyi ya gani sai ya kare ido da hannu. Matafiya daga Kelle sukan hango shi tun daga tudu na uku. Aisami ya fara tafiya da hannu a baya, ya daina amsa sallamar wanda bai ce masa Sarki ba, ya riƙa naɗa igiyar guga a kai yana gwada yadda rawani zai zauna.

Wata gurguwar akuya ce ta fara. Ta tsaya a kusurwar ɗakin shari'a, ta lasa sau ɗaya, ta ɗaga kai kamar mai tuna wani abu, ta tafi. Da la'asar ta dawo da danginta.

Kwana bakwai bangon ya yi ƙugu. Daidai tsayin akuya ya rame, sama da ƙasa suna nan da ƙibarsu. Aisami ya ce salon Damagaram ne, amma ya roƙi Abatcha ya yi gadi. Abatcha ya hau doki da bulala yana zagayawa. Ya lura dokin na son tsayawa a jikin bango, ya ɗauka ladabi ne, har ran da ya farka daga gyangyaɗi a kan sirdi ya tarar dokin ya buɗe wa ɗakin gardawa taga ta biyu.

Aisami ya ce abu mai sauƙi, a daka barkono a dama a shafe bangon. Aka shafe, biro ya ɗan yi ja kamar idon mai mura. Awaki suka yini suna atishawa, washegari suka dawo. Sai dai labari ya shiga gidaje cewa bangon gwamnati yanzu da kanwa da barkono a haɗe. Matan gari suka fara bi ta nan in za su rijiya, har waɗanda rijiyarsu ke wancan gefen gari, kowace da 'yar sakaina a ƙugu. Wake bai taɓa nuna da wuri a Gure kamar wannan watan ba. Abatcha ya kama wata tana kankara, ta ce ita jingina kawai ta yi. Zai ja ta gaban alƙali sai ya hango tasa matar a bayanta da babbar sakaina, ya ce jingina ba laifi ba ne.

Kwana goma ba wanda ya tsaya a rumfar Yakura. Ta zo ta sami ƙanenta, ta ce shekara talatin ba a taɓa karya mata kasuwa ba, Buzaye sun gwada, Kanawa sun gwada, sai ga ɗan uwanta ya buɗe rumfar da ba tayi ba albarka. Ya ce ta yi haƙuri, in an naɗa shi zai sa a yi mata soro. Ta ce in da wannan ƙasar ce, ya yi mata shi a cikin tukunya.

Sai ya sa aka saro ƙaya aka kewaye biro da shinge. Wannan ya tare awaki, ya tare mata, ya ba Aisami kwana biyu na cika baki. Ran kasuwa raƙuma suka zo. Raƙumi kuwa ƙaya tuwonsa ce. Suka cinye shingen, suka ga an ajiye musu abin lasa a bayansa daidai tsayin wuya, suka kama daga sama inda awaki ba su kai ba.

Kullum da safe Aisami da masu aiki suna toshe ramuka da sabon kwaɓi, daga kwarin nan dai. Ɗan Kasuwa, wanda ya riga ya tare a gidan kaso, ya leƙo ta taga ya ce, "Sarki, wanda ya cinye tuwo ka ƙara masa, gobe da baƙi zai zo." Shi kam ko tagar ba ya amfani da ita, awaki sun buɗe masa ƙofa ta baya. Yakan je gida ya ci abinci ya dawo, don ya ce bai taɓa samun ɗaki mai sanyi haka ba.

Ana cikin haka manzo ya iso a kan raƙumi. Kumandan zai shigo ran Alhamis da hantsi. Don kada a tara jama'a sau biyu, a gaya wa makiyayan Kelle da Gamu da duk rugagen da ke tsakani su kawo dabbobinsu filin gaban sabon biro, a buɗe biro a yi ƙidayar dabbobi rana ɗaya.

Aisami bai tsaya jin sauran saƙon ba. Ya ja Shu'aibu gefe ya ce tun da shi ke juya magana, ya juya wannan ta koma wancan gefen gari. Shu'aibu ya ce shi tafinta ne, yakan rage yakan ƙara, amma bai iya mayar da gabas yamma ba. Kuma me zai dame shi, ba ya ce dabba ta san gwamnati ba? Aisami ya ce ta sani mana, yana tausayin ƙafafunsu ne kawai. Ya tafi yana jin nauyin dutsen hanyar gabas a kan da ya tanadar wa rawani.

Dabararsa ta ƙarshe ita ce, abin da ido bai gani ba harshe ba ya nema. Ya bi gari yana kwasar zana, har na makewayin mutane, ya lulluɓe biro ruf daga sama har ƙasa, ya kafa tuta a bisa. Ya ce a Damagaram ba a barin sabon gini tsirara kafin mai shi ya gani. Ya gaya wa Abatcha ya sa mai busa ƙahon bariki ya tsaya kusa, ko da za a bukace shi.

Ran Alhamis fili ya cika. Jajayen shanu masu dogon ƙaho, farare, tumaki, raƙuma a baya kamar itatuwa, duk dabbobin da suka yi wata da watanni a daji ba su ɗanɗani kanwa ba. Suna tsaye lafiya lau, sai ɗai-ɗai da ke ɗaga hanci. Kumandan ya iso rana ta gasa shi, ya ga tulin zana da tuta a kai, ya tambaya ko wannan ne. Aisami ya so a bar lulluɓin har bayan ƙidaya, ya ce farin na iya kashe wa shanu ido. Kumandan ya nuna da sanda. Aka yaye.

Biro ya fito fari fat, facinsa na safe bai ma bushe ba. Kumandan ya ƙyafta ido ya faɗi kalma ɗaya, Shu'aibu ya ce ya ce ya yi kyau. Aisami ya nemi Yakura a cikin taro har ya same ta, ya shafa kansa a hankali don ta gani. Ita ba shi take kallo ba, shanu take kallo. Ta naɗe tabarmarta ta hau tudu.

Aka shiga zagaye, kumandan a gaba, sai Shu'aibu, alƙali, Abatcha, Aisami na bayani. Ɗakin takardu, na Shu'aibu, ana iya sukuwa a ciki. Ɗakin shari'a sai alƙali ya yi kira kafin mai ƙara ya ji shi. Kumandan ya tambayi nasa, aka nuna masa. Ya shiga a karkace, ya matsu tsakanin tabur da bango, ya zauna gwiwoyinsa na gaisawa da haɓarsa. Ya tambaya ina takardar da ya bari. Shu'aibu ya dubi Aisami, ya ce tana cikin ginin. Kumandan ya ce a ina cikin ginin. Shu'aibu ya ce ko'ina.

A nan iska ta juya.

Da fari wani ɗan sauti ne, shaf, shaf, kamar yayyafi a kan busasshen kara, ga shi ba hadari. Kumandan ya kasa kunne. Aisami ya ce talakawa ne ke share fili saboda murna. Sautin ya ƙaru, ya kewaye biro ta kowane gefe, ƙasa ta fara zubowa daga rufi. Haske ya shigo ɗakin kumandan ta wurin da ba a yi taga ba. Sai ga harshe, baƙi-baƙi mai kaushi, faɗin tafin hannu, ya shigo ya share bango, ya koma, ya sake dawowa ya haɗa da kunnen kumandan.

Abatcha ya yi ihu a busa ƙaho. Aka busa. Shanun baya da ba su san abin da na gaba suka samu ba suka ɗauka kiransu ake yi, suka danno. Makiyaya na duka da sanduna, banza. Can kuma sai ƙura ta tashi daga bayan tuddai. Kowa ya san makiyayi ba ya kawo dukiyarsa duka wurin ƙidaya saboda jangali, rabi a fili, rabi a ɓoye bayan tudu matan ruga na tsaro. To, iska ta kai can ma. Garke-garke suka gangaro a guje, mata na binsu suna kiran kowace saniya da sunanta.

Fita ba ta yi wuya ba, kowane ɗaki ya sami ƙofofi. Alƙali ya tattare riga ya fita cikin natsuwa ta tsakanin shanu biyu. Kumandan ne ya maƙale, sai da Abatcha da Ɗan Kasuwa suka kama ƙafa ɗai-ɗai suka zaro shi ta ƙarƙashin tabur. Da suka kai shi fili Ɗan Kasuwa ya waiwaya ya ga inda ɗakinsa yake, ya ce, "Jama'a ku shaida, ba ni na bar kaso ba, kaso ne ya bar ni."

Biro bai faɗi da ƙara ba. Durƙusawa ya yi kamar raƙumi, gaba tukuna, sannan baya. Azara ta zube, tuta ta karkata ta sauka a ƙahon wani bijimi, ya tafi da ita bai sani ba. Kafin azahar ba abin da ya rage sai itace, da danshi a ƙasa, da tabur a tsaye a tsakiya, Shu'aibu a kansa. Ya hau ne don kada a tattake shi, da ya ga ba shi da abin yi sai ya kama ƙirga. Abin da ya samu ya ninka na bara.

Kumandan ya dubi takardar Shu'aibu, ya dubi filin, ya sake duban takardar, yana shafa kunne. Makiyaya kuwa sun kewaye wurin da sanduna, suna tambaya da Hausa da Barbarci da Fulatanci wane ne maginin.

Aisami ya zube gaban kumandan. Ya ce a tuna masa alkawari: in ya dawo ya tarar da farin biro a tsaye. Ya tarar ko bai tarar ba? Har ya shiga ya zauna. Abin da ya biyo baya tsakanin gwamnati ne da shanunta.

Kumandan ya daɗe yana magana wannan karon, Shu'aibu ya tace. Gaskiya ne ya tarar, kuma ƙidaya ba ta taɓa cika haka ba, saboda haka hanyar gabas ta rasa mutum ɗaya. Rawani kuwa, a nuna masa bango guda ko na tsayin gwiwa ya naɗa shi yanzu. Aisami ya waiga. Wani ɗan maraƙi na lashe na ƙarshe. Shu'aibu ya ci gaba: tun da an rushe tsohon soro, sabo kuma ya shiga daji a cikin shanu, gwamnati ba ta da rufi. Za a aika Damagaram a kawo magina. Kafin su zo kumandan zai yi aiki a taburin nan inda yake, Aisami kuma zai tsaya a bayansa ya riƙe masa zana a bisa kai, daga hantsi zuwa la'asar, kullum.

Aisami ya dubi sandunan makiyaya, ya ce shi dama ba inda yake son zama a duniya kamar kusa da kumandan.

Maginan Damagaram ba su zo da wuri ba. Ran wata kasuwa Yakura ta zo wucewa da kayanta a ka, ciniki ya dawo mata tun da aka rufe rumfar kyauta. Ga tabur a tsakiyar fili, kumandan na rubutu, alƙali na tsugune a gefen da inuwa ta ɗan kai, Aisami a tsaye hannu biyu sama, gumi na bin haƙarƙarinsa. Da ya gan ta ya gyara tsayuwa, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, ki gaya wa mutanen gari su san da wa suke magana. In na sauke hannu ɗaya, gwamnati ta shiga rana."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, irin duban da take wa kayan da ba za ta taya ba.

"Allah ya ja zamaninka. Ga ƙuda a hancinka."

Ya hura, ƙudan ya tashi ya sake sauka. Ya murɗa hanci, ya girgiza kai, zana ta motsa, kumandan ya yi gyaran murya bai ɗago ba. Aisami ya tsaya cak, ya ce don Allah ta kore masa.

"Ni talaka ce," in ji Yakura, "ba na taɓa ginin gwamnati."

Ta gyara gammonta ta wuce kasuwa.